Shekarar da Inna Ta Yi Mini Magana

Ku 'ya'yana, na daɗe da sanin akwai abin da kuke riƙe da Baffanku Sale a zuci. Ba ku taɓa faɗa a gabana ba, amma ni ba yaro ba ne. Ina ganin yadda gaisuwarku take gajarcewa idan ya zo gidan nan, kuma da kunnena na ji Hauwa'u tana gaya wa ƙannenta wai shi ya sa aka cire eriyar gidan kakarku, har tsohuwa ta bar duniya ba ta ƙara jin muryarku a waya ba. Yanzu da na ajiye aiki, ido ya fara gajiya, gwiwa tana ƙorafi, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance. Ba na son in tafi in bar ku kuna hararar mutumin da bai yi muku laifin komai ba.

Sai na fara da abin da ku 'yan birni ba ku sani ba. Ni ne ɗan farin Inna, kuma a ƙauyenmu, can bayan Sabuwa a gefen daji, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta zama hira da shi, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, idan ya shigo ta kau da kai. Kunya ake ce wa abin, kuma mace tana samun yabo gwargwadon yadda ta riƙe ta. Wasu matan sukan sassauta idan shekaru sun ja. Inna ba ta cikinsu. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar mahaifina da ke aure a Mairuwa, can na tashi, can aka sa ni makaranta. Saboda haka Inna ta samo mini suna, Na Mairuwa, shi ma ba ni take kira da shi ba, wasu take gaya wa. Idan na zo hutu na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, sai ta dubi bango ta ce da duk wanda ke kusa:

"A ce ma Na Mairuwa an gode. A ba shi hura."

Haka na yi yarinta, haka na yi samartaka, haka na yi furfura. Na je ƙasar waje na yi karatun injiniyan lantarki, na dawo na kama koyarwa a jami'a, na shafe shekaru ina bincike a kan eriya, wato ƙarfen da ke kama magana a cikin iska ya kuma sake ta. Ranar da aka ba ni kujerar farfesa na je gida da murnata, na durƙusa a wurin da na saba durƙusawa, na ba bango labari. Inna ta ce da Ladi, matar Sale, a gaya mini Allah ya sa albarka. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana yi mini ciwo. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, ina ma iya tsayawa a gaban ɗalibai in yi bayaninta da Turanci mai daɗi. Duk da haka idan na ga Sale zaune a bakin tabarmarta tana yi masa faɗa a kan ya bar akuya ta shiga rumbu, sai in ji ina ma ni ake yi wa faɗan.

A wancan lokacin babu sabis ɗin waya a ƙauyenmu. Mai son kira sai ya hau babur ya nufi wajen Sabuwa, ko ya hau wani tudu a bayan gari ya ɗaga waya sama yana juyi. Mahaifinmu ya riga ya rasu, Inna ta tsufa, ni kuwa ina nesa, labarin gida sai ya kwana ya tashi kafin ya iso ni. Wata rana na zauna na ce wannan abin kunya ne, mutum ya ƙare rayuwarsa yana koya wa 'ya'yan wasu yadda ake jawo magana daga nesa, gidan uwarsa kuwa shiru. Na sa ɗalibaina muka ƙera eriya da siraran sandunan alminiyam, jere kamar ƙayar kifi, muka haɗa ta da na'urar da ke ƙara ƙarfin sabis, da farantin sola da batir. Na ɗora a mota na kai gida. Muka ɗaure dogon bututun ƙarfe a jikin zaure, na hau ina juya bakin eriyar a hankali zuwa inda turken kamfanin waya yake, Sale yana ƙasa riƙe da wayarsa yana kallo. Can sai ya yi tsalle yana ihu.

"Yaya, tsaya nan! Ya kawo! Wallahi ya kawo, kada ka motsa!"

Kafin la'asar ƙofar gidanmu ta zama kasuwa. Musulmi da Kirista, har da tsofaffin da suka rage a kan addinin kakanni, kowa ya zo da wayarsa ko ta aro, yana ƙwala wa ɗansa kira a Legas ko Fatakwal. Inna ba ta fito ba. Ta ce da Ladi a tambayi Na Mairuwa ko ƙarfen nan ba zai jawo mata tsawa ba idan damina ta faɗi. Na ce a gaya mata na binne wayar kare tsawa a ƙasa saboda haka. Washegari na koma bakin aiki.

Bayan 'yan makonni na kira wayar Sale da hantsi. Ashe ya tafi gona ya bar ta a kan turmi, Ladi kuma ta je rijiya. Ni mutum ne mai naci, kun sani, na yi ta kira. Can aka ɗauka, na ji numfashi, sannan wata murya ta ce da ƙarfi, irin ta wanda bai saba da waya ba:

"Wa ke nan? Mai ita ya hita."

"Ni ne, Inna."

 Ina jin kaji suna kuka a tsakar gida. Na tabbata za ta ajiye, har na fara shirya saƙon da zan bar wa Ladi. Sai na ji ta rage murya ta ce:

"Ka ci abinci?"

Ina tsaye ne a ɗakin gwaje-gwaje, ɗalibai sun kewaye ni suna jiran in duba musu aiki. Na haura shekara hamsin a duniya, kuma wannan ce magana ta farko da mahaifiyata ta taɓa yi mini kai tsaye, ba ta bakin kowa ba. Na jawo kujera na zauna. Na ce na ci. Ta ce mi na ci. Na ce shayi da burodi. Ta ce wannan ba abinci ba ne, shi ya sa kullum nake kamar sanda. Na yi dariya hawaye yana zuba, yaran nan suka sulale waje ɗaya bayan ɗaya, a zatonsu rasuwa aka yi mini.

Ban taɓa tambayar ta dalili ba, ina tsoron kada tambayar ta rufe ƙofar. Abin da na fahimta shi ne, a wurinta kunyar ta ido ce. Waɗanda suka kafa al'adar ba su san za a yi waya ba, ba su ce komai a kanta ba, Inna kuwa ta ga kafa ta bi. Na aika mata ƙaramar waya tata ta kanta, Ladi ta nuna mata koren maɓalli, ta riƙa ƙulle ta a gefen zane tare da goro. Duk Juma'a idan na sauko daga masallaci sai in kira, ta shige ɗaki ta saki labule. Ku kuna tuna yadda take tsokanar ku, tana ce wa Aminu mijinta marowaci, ku yi ta dariya ku miƙo mini wayar ku fita wasa. Ba ku san abin da ke biyo baya ba. Ta ba ni labarin shekarar da aka haife ni, yadda fari ya cinye gero aka koma cin tafasa. Ta gaya mini ƙuliƙulin da ake kawo mini Mairuwa da sunan wata maƙwabciya, ita take soyawa. Ta yi mini faɗa a kan zafin raina, ta ce na gado wurin kakana. Wata rana ta ce in gaya mata tsakani da Allah mene ne aikin da nake yi. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce kunne nake ƙerawa, irin wanda ke jin magana daga nesa.

"Yanzu duk shekarun ga da ka yi garin Turawa, kunne ka tahi koyo?" in ji ta. "Allah bai ba ka guda biyu kyauta ba? Su ma ba ji kake da su ba."

Amma idan na je gida, ko da jiya muka rabu a waya muna dariya, sai in tarar da ita yadda na san ta. Ta dubi bango, a ce wa Na Mairuwa sannu da hanya. Na daina jin ciwon abin. Har nakan ƙosa in koma birni don mu yi hira.

Ana cikin haka daji ya lalace. Kun san labarin, ba sai na maimaita ba. Aka fara da kore shanu, aka koma ɗaukar mutane, hanyar kasuwar Yankara da muke bi ido rufe ta zama sai da addu'a. Wata Juma'a na kira, Inna ta yi maganar sama-sama ta ajiye. Ba a jima ba Sale ya kira ni da kansa, muryarsa a dushe.

"Yaya, ka zo ka sauke ƙarhen ga."

Abin da ya faru shi ne, mutanen daji su ma sun gano cewa duk yankin ƙofar gidanmu ce kaɗai ke da sabis. Da rana tsaka suke zuwa a kan babura, bindiga a kafaɗa, su zauna a dakalin zaurenmu suna kiran iyalan waɗanda suka kama. Su sa Ladi ta kawo ruwa. Ba su taɓa kowa ba tukuna, amma ɗaya ya tambayi Sale shekarun babbar 'yarsa. A ɗaya gefen kuma 'yan sa-kai na garuruwan kusa sun fara cewa gidan Sale ne ofishin ɓarayi, har an aiko masa da gargaɗi. Duk ɓangaren da ya fara fusata, a kan Sale da iyalinsa za ta ƙare.

Na kama hanya da sassafe, na isa kafin azahar, kuma da shirina na je. Ina son ku san wannan: ban je don in sauke ba, na je don in kayar da Sale a gardama. Muka zauna a zaure na fara zuba masa ilimi. Na ce zan rage ƙarfin na'urar yadda sabis ba zai wuce ɗakin Inna ba. Na ce zan sauke bututun in ɓoye eriyar a cikin rassan mangwaron bayan gida, ba mai gani. Har zane na yi masa a ƙasa da tsinke. Ya bar ni na gama.

"Yaya, kai ka san ƙarhe, ni na san mutanen ga. In sunka zo babu sabis a waje, sannan waya ta yi ƙara cikin gida, mi zan ce masu? Cewa za su yi soja muke kira a ɓoye."

"To ka cire wayar batir mana! Sai na taso tun daga birni?"

"In ni na cire, ni na hana su. In kai ka zo da mota kowa na gani, ka ce kayan makaranta ne an ce a maido, ba ruwana." Ya murza hularsa a gwiwa. "Kuma ina jin ku ran Juma'a, Yaya. Katangar ba ta da kauri. Tunda nake ban taɓa jin Inna na dariya irin wannan ba. Ba ni zan rufe mata baki da hannuna ba."

Nan zafin ran da Inna take faɗa ya taso. Na ce masa matsoraci, na ce don shi yana da ita kullum shi ya sa bai damu ba, na faɗi wasu maganganun da ba sai na rubuta ba. Bai rama ko ɗaya ba. Na ce to zan tafi da ita birni. Ya ce in gwada. Na aika Ladi, ta dawo tana sunkuyar da kai, wai Inna ta ce ba ta taɓa jin inda uwa ta tare a gidan ɗan fari ba, kuma kabarin mijinta yana nan, ba inda za ta.

Na fita tsakar gida don in huce. 'Ya'yan Sale mata suna bakin murhu suna gyaran zogale, babbar tana ta yi wa ƙaramar tsiya. Na tsaya ina kallonsu. Duk lissafin da na iya na yi shi a tsaye a wurin, ta kowace hanya na bi amsa ɗaya take fitowa. Hirar Juma'a tawa ce ni kaɗai, abin da zai biyo baya kuwa ba ni zai tarar ba, ina can birni a bayan katanga da maigadi. Na ce Sale ya kawo tsani.

Ina cikin naɗe hannun riga sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Na duba, lambar Inna. Ba ta taɓa kira na ba, kullum ni nake kira, ashe ta sa Ladi ta danna mata ta fita. Ga ɗakinta nan a gabana, labule a sake, da na ɗaga murya kaɗan za ta ji ni. Amma sai da maganarta ta hau bututun nan, ta tafi har turken da ke wajen Sabuwa, ta juyo, sannan ta same ni. Na juya wa ɗakin baya na kara a kunne.

"Na ji ku," in ji ta. "Ka ba ƙanenka haƙuri."

"Zan ba shi, Inna."

"Ɗiyan ga ƙanana ne. Ni na ci zamanina."

Na ce haka ne. Na ce idan ƙura ta lafa zan dawo in mayar. Ba ta amsa wannan ba, ta fi ni sanin shekarunta. Na tambaye ta ko akwai abin da take so in aiko mata daga birni, don dai kada maganar ta ƙare.

"Saurara, akwai wadda ban hwaɗa maka ba. Ranar da Gwaggonka ta zo tahiya da kai, an ce in zauna ɗaki kada in hito, kada a yi mani dariya. Na hito ta bayan gida. Na bi ku cikin dawa har bakin rafi. Kana bayanta kana ta waige-waige, kana kuka. Na laɓe bayan ɗorawa har kunka haye. Nono na ta zuba, zanena duk ya jiƙe, sai da na shiga ruwa na jiƙa sauran don kada a gane. Ko ubanka bai sani ba."

 Ina jin numfashinta a waya, ina kuma jin tarinta ta labule a bayana.

"Tau, ka ji. Hau ka sauke. Ka yi a hankali, kai ba yaro ba ne."

Ta kashe.

Sale ya ce in bari shi ya hau, na ƙi. Ya dafe tsanin da hannu biyu, ya sa ƙafa ya tokare, na hau ina kwance ƙusoshin da na ɗaura da hannuna. Da na leƙo ƙasa don in miƙa masa eriyar sai na ga fuskarsa sharkaf da hawaye, ga hannuwansa duka a kan tsani, ya rasa da me zai share. Wannan shi ne mutumin da kuke gaisarwa a tsaitsaye. Saboda shi 'yan'uwanku mata, 'ya'yansa, suka yi aure daga ɗakin uwarsu lafiya, domin da mutanen daji suka zo suka tarar babu sabis, zagi suka yi suka ƙara gaba. Inna ta ƙara damina biyu a duniya. Na je na gaishe ta duk lokacin da hanya ta yarda, amma daji bai lafa ba, ban mayar da eriyar ba, kuma ba mu sake hira ba.

A ranar nan dai na sauko, muka ɗaure kayan a bayan mota a gaban jama'a, Sale yana faɗa da ƙarfi cewa makaranta ce ta aiko a karɓa. Na koma ciki na durƙusa a ƙofar ɗakinta don sallama. Ta ɗaga labule ta fito da buta a hannu, ta wuce ta gefena har zanenta ya taɓa kafaɗata, fuskarta tana kallon katanga.

"Ladi," in ji ta, "ki ce ma Na Mairuwa shi kama hanya tun da rana. Hanyar ba ta da kyau."

Ladi ta dube ni.

"Ladi," na ce, "ki ce mata na ji."